Karatun garayar Turawa a jami'a: aikin ƙafa ya fi na hannu wuya

Garayar da ake nufi a nan ita ce babbar nan mai tsayuwa a ƙasa, wadda makaɗi ke jingina wa kafaɗarsa ta dama. Tsirkiyarta 47, fedarta 7, tsayinta ya kai mita 1.8, nauyinta kuma yakan kusa kilo 40. Yawancin sassan kiɗa na jami'o'i da ita ake gwajin shiga, saboda haka wanda ya taso da ƙaramar garaya marar feda sai ya nemi inda zai riƙa taɓa babbar tun kafin ya cika fom.

Feda ita ce ke kayar da sabon ɗalibi. Ƙafar hagu na da uku, D, C da B, ta dama kuma huɗu, E, F, G da A; waɗannan haruffa sunayen muryoyin kiɗa ne. Kowace feda tana da mazauni uku: sama, tsakiya da ƙasa. In ka taka ta C taki ɗaya, sandar ƙarfe da ke cikin ginshiƙin garayar za ta juya ɗan faifai mai ƙusa biyu da ke jikin kusan kowace tsirkiyar C, ya matse ta, muryarta ta hau rabin taki. Wannan tsarin Sébastien Érard ne ya yi masa rajista a 1810. Matsalar ita ce ido ba ya kan ƙafa. Feda ɗaya ta zauna ba daidai ba, duk tsirkiyoyin wannan muryar sun ɓaci. Shi ya sa ake rubuta kowane canjin feda da fensir a takardar kiɗa, a kuma zana yadda bakwai ɗin suke a farkon kowane sashe, don in madugun okestira ya ce a koma tsakiya, ka san inda ƙafarka take. Kada kuma a canza feda tsirkiya na cikin rawa, za ta yi ziza. A danne ta da tafin hannu tukuna.

Hannu kuwa, yatsu huɗu ake amfani da su a kowane ɓangare, ƙaramin yatsa bai kai ba. Farce a yanke shi ƙwal. Bororo zai fito a makonnin farko kafin kanta ta zauna, kuma hutun sati biyu ya isa ya mayar da kai baya.

Kafin ka zaɓi jami'a, bincika malamin, domin galibi shi kaɗai ne mai koyar da garaya a sashen, kuma da shi za ka zauna duk mako har ka gama. Akwai masu bin salon Carlos Salzedo, gwiwar hannu a ɗage, akwai masu salon Faransa irin na Henriette Renié da Marcel Grandjany, inda hannu ke ɗan sauka. Kowanne yana fid da gwani. Abin da ke cin shekara guda shi ne a sa ka sauya salo bayan hannu ya saba. Tambayi kuma garaya nawa makarantar ke da su, da awa nawa ɗalibi ke samun ɗakin atisaye.

Saita murya aikinka ne kullum, tsirkiya bayan tsirkiya. A ɗage duk fedoji sama kafin a ɗora makullin saita murya, domin a nan ne faifan ba ya riƙe da komai. Tsirkiyoyin C ja ne, na F baƙi ko shuɗi. Na can sama nailan, na tsakiya hanjin dabba, na ƙasa waya. Na hanjin su ne masu tsinkewa in yanayi ya canza, sabuwa kuma tana miƙewa kwanaki kafin ta tsaya, don haka ba a sauya ta ana gobe jarrabawa sai dole. Ajiye cikakken saiti a jaka. In za a sa garayar a mota, a kwantar da ita gefen faifan yana kallon sama, in ba haka ba nauyinta zai lanƙwasa ƙusoshin, sai an kira mai gyara.