Yadda Na Gano Inda Ruwan Lagireton Motata Ke Zuba

Motar da nake hawa Toyota Corolla ce ƙirar 2005, kuma a bazarar da ta gabata, lokacin da zafin Kano ya tsananta a watan Afrilu, na lura cewa ruwan da ke cikin ƙaramar robar ajiya ta gefen lagireto yana raguwa. Idan na cika ta zuwa layin sama, kafin mako ya zagayo sai in tarar ya sauka ƙasa sosai, alhali allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba, kuma ban taɓa ganin ruwa kwance a inda nake ajiye motar ba. Irin wannan yoyo shi ne mafi wuyar sha'ani, domin ruwan ba ya fita sai inji ya ɗauki zafi, kuma zafin da ya fito da shi ne yake busar da shi kafin ya isa ƙasa.

Bakaniken da na fara kai wa bai ko sunkuya ba ya ce, "Alhaji, in dai ruwa yana ɓacewa ba a ganin inda ya bi, to gaskit ɗin saman inji ne ya ƙone, sai an buɗe." Gaskit shi ne siririn faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa shiga cikin mai ko silinda. Maganarsa tana iya zama gaskiya, amma buɗe kan inji aiki ne mai tsada, kuma ƙonewar gaskit tana da alamun da mai mota zai iya dubawa da kansa. Na zaro sandar auna baƙin mai na kuma buɗe murfin da ake zuba shi, ban ga kumfa mai launin shayin madara ba, wadda ita ce shaidar ruwa ya haɗu da mai. Na tayar da motar da sassafe na tsaya a bayanta, babu farin hayaƙi mai kauri da ke ci gaba da fita daga salansa bayan inji ya ɗumama. Na buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, na bar shi yana aiki, ruwan bai riƙa tartsatsin kumfa ba. Aka kwance fulogai huɗun, dukkansu launinsu ɗaya, babu wanda ya yi fes kamar an wanke shi, domin silindar da ruwa ke shiga tururi ne yake wanke fulogin cikinta. Da wannan na natsu cewa ruwan waje yake fita, ba cikin inji ba.

Sauran wuraren na bi su da sauri. Kafet ɗin gaban fasinja a bushe yake kuma gilashin gaba ba ya yin gumi mai maiƙo, saboda haka ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod lafiyarsa ƙalau. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ya kwana, abin da na samu kawai ɗigon ruwa garai marar launi a gefen fasinja, wanda na na'urar sanyaya mota ne, kuma wannan ba matsala ba ce ko kaɗan. Tiyon sama da na ƙasa na matsa su da hannu, ba su kumbura ba, ba su tsage ba, bakinsu kuma a ɗaure yake.

Abin da ya warware matsalar shi ne gwajin matsi, kuma ina ganin da kowane gareji zai mallaki wannan na'ura, da an daina canza wa mutane kayan da lafiyarsu ƙalau. Ɗan famfon hannu ne mai agogo, ana ɗaura shi a bakin lagireto a madadin murfi, a hura iska har agogon ya kai adadin da aka rubuta a jikin murfin, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Hikimar ita ce, idan inji ya yi zafi ruwan yana cikin matsi, kuma matsin ne yake hana shi tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120 kafin ya tafasa. Wannan matsin kuma shi ne yake tura ruwa ta ƙaramar ɓarakar da ba ta yoyo idan mota tana ajiye. Famfon yana samar da matsin ne a kan inji mai sanyi, inda ruwan ba zai bushe ba kuma hannu ba zai ƙone ba. Wani dattijon mai gyaran lagireto ne ya yi mini gwajin. Allurar agogon ta riƙa sauka a hankali, muka haska tocila muna bin injin, sai ga ɗigo yana taruwa a ƙasan injin ta ɓangaren bel.

Da ni kaɗai ne, da nan zan ɗora laifin, amma dattijon ya ce, "Malam, ruwa gangara yake bi, inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban. Bi shi sama." Muka bi sawun da ɗan madubi har ƙarƙashin famfon ruwan inji. A jikin famfon akwai wani ɗan rami da masu ƙera shi suka bari da gangan, domin idan robar da ke tare ruwa a ciki ta fara lalacewa ruwan ya fita ta nan maimakon ya shiga boris, wato abin da sandar famfon ke juyawa a kansa. A bakin ramin muka ga busasshen gari ja-ja da fari-fari ya daskare. Sai a lokacin na fahimci dalilin ɗige-ɗigen da ke cikin bonet ta wannan gefen, wato bel ne yake kwasar ruwan yana watsawa a kan inji mai zafi. Da aka sassauta bel ɗin aka girgiza fulin famfon, wato faifan da bel ke juyawa, sai ga shi yana ɗan motsi, alamar boris ɗin ma ya fara tafiya, kuma da ya ƙarasa a hanyar Zariya da tsakar rana, da lallai an kai ga gaskit ɗin da aka fara zargi.

Wannan busasshen garin ya koya mini amfanin ruwan kulan na ainihi, wato ruwan da aka haɗa musamman don lagireto. Mai zuba ruwan rijiyar burtsatse ko na leda a lagireto yana jawo tsatsa da ƙanzo a cikin inji, sannan idan yoyo ya zo ba zai bar masa wata alama mai launi da zai bi ba. Ruwan kulan yana da launi da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, sai dai guba ne, don haka wanda aka tsiyaye kada a bar shi a buɗaɗɗen mazubi inda yara ko dabbobi za su kai gare shi. Haka nan ban yarda a zuba ƙwai ko garin toshe yoyo ba, domin ba sa gyara robar famfo, kuma suna iya toshe siraran hanyoyin lagireto. An so a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗumama, kamar yadda aka saba yi a garejinmu da sunan maganin zafi, na ce a bar shi, tunda yana buɗewa yadda ya kamata kuma ba shi ne ya yi laifi ba.

An sa sabon famfon ruwan inji da sabon bel, saboda tsohon ya jiƙa, aka zuba ruwan kulan, aka bar injin yana aiki da hita a kunne har iskar da ta maƙale ta fita kuma fanka ta tashi. Kafin in biya kuɗi na roƙi a sake ɗaura famfon gwajin, allurar ta tsaya cak ba ta sauka ba. Na yi wa robar ajiyar alama da alƙalamin maka a daidai inda ruwan ya tsaya, ina duba ta da safe kafin in tayar da mota, kuma har damina ta sauka ruwan bai bar kan alamar ba.