Guzan Malesiya ba ya gudun mutum

Dabbar da na fara cin karo da ita a Malesiya guza ne, kuma ba a daji muka haɗu ba. Bakin wata magudanar ruwa ce bayan gidan kwanan ɗalibai, da hantsi, ina hanyar ɗakin karatu. Ya fito daga ruwa a hankali, ya hau kwalta yana zaro harshen nan mai reshe biyu, wutsiya na jan ƙasa. Tsawonsa ya kusa mita biyu. Na tsaya cak. Wata ɗaliba 'yar ƙasar ta taho bisa babur, ta rage gudu, ta kauce masa, ta wuce ko waiwaye babu. Shi ma bai ƙara sauri ba. Ya gama tsallakawa a tsanake ya shige ciyawa.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Dundaye ta Sakkwato ko wani ƙauyen bakin gulbin Rima ya san abin da zai biyo baya da a wurinmu ne. Kafin guza ya kai tsakiyar hanya an yi kururuwa, yara sun fito da sanduna, karnuka na biye. Nama ya tafi tukunya, fata ta tafi wurin dukawa ko masu haɗa goge, domin da irin wannan fata ake rufe ƙwaryarsa. Shi ya sa guza da damon fadamar Kwalkwalawa ba sa bari ka gan su sai dai ka ga ƙura. Na tambayi abokin karatuna, ɗan jihar Kelantan, me ya sa nasu ke yawo haka a fili. Ya ce su ba sa cinsa, malamansu na Shafi'iyya ba su ɗauke shi halal ba, kuma dokar kare namun daji ta 2010 ta hana kama shi sai da lasisi. Da na ce masa mu muna ci, sai ya dube ni ya yi shiru, ya ƙara mini shinkafa.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai game da ƙasar: ƙananan dabbobinta ba su san tsoron ɗan Adam ba. Tsaka tana kowane ɗaki, har na otal mai tsada, tana bin bango kusa da fitila tana kama ƙwari, da dare kuma ta riƙa wani kuka tik-tik-tik. Mu da aka rene mu da cewa in tsaka ta faɗa cikin abinci an shiga uku, sai ga ta bisa kanka kana cin abinci, ba wanda ya ɗaga takalmi. Kyanwoyi na kwance a barandar masallaci, masallata na tsallake su. Hankakinsu ba shi da farin ƙirji irin namu, amma rashin kunyar ɗaya ce. Belbela ce kawai na gani na ce ga 'yar gida, tana bin shanu a bakin gonar shinkafa yadda take yi a Wamakko.

Duk wannan ruwa ne ya kawo shi. Abin da Sakkwato ke samu a shekara bai cika wuce milimita 700 ba, shi ma cikin wata huɗu zuwa biyar. Kwala Lamfur, babban birninsu, tana haura 2,000, kuma babu watan da ba a ruwa. Ba hunturu, ba bazara. Zafinsu bai kai namu na watan Afrilu ba ko kusa, wanda ke wuce digiri 40, amma namu yana busar da gumi, nasu kuwa jiƙa ka yake ya bar ka a jiƙe. Takalmin fata da na sayo a babbar kasuwa na ajiye ƙarƙashin gado, da na jawo shi ranar wata Juma'a na tarar fumfuna ta rufe shi fari fat.

Birai kuwa sai kogon Batu, ɗan nesa kaɗan arewa da Kwala Lamfur. Wurin ibadar mabiya addinin Hindu ne, akwai wani gunki mai ruwan zinare da tsayinsa ya haura mita 42 a bakin hawa, sannan matakala 272 da aka shafe da fenti kala-kala a 2018. Ni kogon da biran suka kai ni. Ƙananan birai ne masu dogon wutsiya, launin toka, ba su kai jan birin dajinmu girma ba. Suna jere bisa ƙarfen matakala suna duban hannun mutane, ba fuska ba. Wanda ya riƙe leda shi ne nasu.

Na tsaya hutawa wajen rabin hawa, sai na ga wata uwa da ɗanta manne a cikinta. Ta bar wani Bature ya wuce ta da taki biyu, ta diro ta bayansa, ta zare gorar lemo daga aljihun jakarsa, ta koma bisa ƙarfe. Ba ta ciji gorar ba. Ta riƙe ta da ƙafafu biyu, ta sa hannu ta murɗe murfin, ta yar, ta karkata ta sha, sauran ta bar shi yana tsiyaya bisa matakala ɗan yana lasa. Baturen ya matso yana dariya zai ɗauki hoto, ta ɗaga gira ta buɗe baki ta nuna masa fiƙoƙi. Wani mai sayar da furanni ya yi masa tsawa ya ja baya. Daga baya ya gaya mana ƙa'idar wurin: kada ka haɗa ido da biri, kada ka yi masa murmushi har haƙori ya fito domin shi faɗa yake ɗauka, in kuma ya kama ledarka ka sakar masa.

Mutane na zagin biran nan ɓarayi, ni ban ga laifinsu ba. A ƙasan matakala ake sayar da ayaba da gyaɗa don a ba su, duk da allunan da ke cewa kada a ba su abinci. Wanda ka koya wa cewa abinci a hannunka yake, ranar da ka hana shi zai ƙwata. Kuma ko da satar tasu, sun fi birin da masu wasa ke ja da sarƙa a kasuwanninmu, an sa masa ɗan wando ana dukansa ya yi rawa.

Tun da na dawo, tambayar da na fi sha a majalisarmu ta Mabera ita ce ko na ga damisa. Ban gani ba, kuma na je inda take. Taman Negara shi ne babban gandun dajin ƙasar, faɗinsa murabba'in kilomita 4,343, an keɓe shi tun zamanin Turawan Ingila a ƙarshen shekarun 1930. Mun shiga mota zuwa Jerantut, daga can muka hau dogon kwalekwale mai inji muka bi kogin Tembeling sama, ruwa ja da laka, har ƙauyen Kwala Tahan inda gidajen abinci ke shawagi bisa ruwa. Dajin yana tsallake.

Mutumin Sakkwato ya saba da ganin nesa. In ka tsaya a hanyar Illela kana hango raƙumi tun yana ɗigo. A wannan daji taki goma ya isa mutum ya ɓace maka. Itatuwa sun miƙe sama ba reshe sai can ƙololuwa, saiwoyinsu sun fito ƙasa fale-fale sun fi mutum tsayi, rana ba ta kai ƙasa sai ɗan tsilli-tsilli. Kuma ba shiru. Na ɗauka daji wurin shiru ne, ashe akwai wani ƙwaro bisa itatuwa da ke ƙara kamar injin markaɗen unguwa da safiyar sallah, in ɗaya ya tsaya goma su ɗauka. Can sama muka ji fukafukai na sara iska, ja-gora ya nuna da baki, muka hango wani tsuntsu dangin cilakowa, amma ya ninka ta sau da yawa, da ƙaho ja bisa baki. Kashin giwa mun gani a hanya, ɗanye. Giwar ba mu gan ta ba, na kuma gode Allah.

Wanda ya zo ya same mu har inda muke shi ne matsattsaku. Namu na ruwa ne, sai ka shiga tafki ko fadama yake kama ka. Nasu a tudu yake. Ja-goran ya tsayar da ni ya ce in dubi ganyen da ke gaban takalmina. Wani abu ne siriri, bai kai tsinken ashana ba, ya kafa gindi bisa ganye ya miƙe tsaye yana karkaɗa kai hagu da dama. Ɗumin jiki da numfashi yake bi. Na matsar da ƙafa, ya lanƙwashe ya miƙe, ya lanƙwashe ya miƙe, ya biyo ta. Na yi dariya na wuce. Sai da muka zauna cin abinci na ga ƙafar wandona ta yi ja. 'Yan uwansa sun riga sun shiga ta saman safa, sun sha sun ƙoshi sun faɗi, ko ƙaiƙayi ban ji ba. Yawunsu na ɗauke da wani sinadari da ke hana jini daskarewa, don haka wurin ya yi ta tsatstsafa har la'asar. Nan gardama ta tashi tsakanina da ɗan Kelantan kan salla. Mun dace cewa fitar jini ba ta karya alwala, a Malikiyya da Shafi'iyya duka, amma wandon fa? Ƙarshe ya ba ni zanen da mazansu ke ɗaurawa na yi salla da shi, aka ɗauke ni hoto, hoton kuma ba zai fito a nan ba.

Manyan dabbobin suna da dalilin ɓuya. Damisarsu mai ratsi-ratsi, wadda ke jikin tambarin ƙasar, hukuma da kanta ta ce ba su kai 150 ba a daji. Masu tarkon waya sun ci su, daji kuma yana ƙanƙancewa. Karkandarsu ta ƙarshe, mace, ta mutu a Nuwamban 2019 a jihar Sabah. Da na ji haka ban yi musu dariya ba, domin na tuna rabon da in ga ungulu bisa mahautar Sakkwato, alhali muna yara sai an kore su.

Akwai dare ɗaya da ba zan tsallake ba, a ƙauyen Kampung Kuantan kusa da garin Kwala Selangor. Ana shiga ɗan jirgi na hannu bayan isha'i, mai tuƙi ya hana kunna fitilar waya. Itatuwan bakin kogi cike suke da maƙesu, dubbai, kuma ba kowa da nasa yake ƙyaftawa ba irin na daminarmu. Gaba ɗaya itace ke kunnawa ya mutu a lokaci guda. Sauro dai ya karɓi kuɗin kallonsa. Shi ma sauron can sai an yi hattara, wanda ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, kuma in jami'an lafiya suka tarar da tsutsarsa a ruwan da ka bari a gida tara za ka biya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne koren da na hango ta tagar jirgi ranar da muka sauka. Na ɗauka daji ne. Da muka matso ƙasa sai na ga itatuwan a jere suke layi-layi har iyakar gani. Kwakwar manja ce. Awa biyu kana tafiya a mota ba ka ganin komai sai ita, kuma cikinta babu hayaniyar dajin can, sai ɓeraye, da macizai, da mujiya da masu gona ke kafa wa akwatuna bisa sanduna don ta cinye musu ɓera. Tsuntsun da muke jifa muna cewa mugun abu, su gida suke gina masa.

A kan kwakwar nan muka kwashi 'yan kallo da Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana fataucin albasa zuwa kudu yana dawowa da manja. Shi a wurinsa magana ɗaya ce: daga Najeriya suka zo suka ɗebi iri bayan 'yancin kai, yau ga shi sun fi mu. Na ce Kawu, asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, wannan ba musu, amma ya riga 'yancin kai isa can da nisa. Tun 1848 Turawan Holan suka dasa shi a Bogor cikin tsibirin Jawa, gonar kasuwanci ta farko a Malesiya kuwa a 1917 aka buɗe ta a jihar Selangor. Abin da na tabbata sun zo Afirka sun ɗauka daga baya wani ɗan ƙwaro ne daga Kamaru, a farkon shekarun 1980. Kafin zuwansa da hannu ma'aikata ke barbara furen kwakwa itace bayan itace, da aka sake shi a gonaki ya karɓi aikin kyauta, amfanin ya ƙaru.

Kawu ya ajiye kofin shayi ya ce, "To mi kac ce wanda ban ce ba? Icce namu, ƙwaro na maƙwabtanmu, manja nasu." Na ce ai Kamaru ba Najeriya ba ce. Ya ce in bari sai na yi fatauci zuwa Mubi tukuna in zo in gaya masa inda iyakar take.