Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuɗin da Aka Ba Iska

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da Abban Ummi aiki Abuja, ya bar mu a gidansu tare da Hajiya. Yau sai kun yi haƙuri, zan tsallake haihuwar Auta da rasuwar Baffa, don akwai maganar da ta daɗe tana cina.

Dogon hutun 2009 ne, damina ta yi tsakiya, azumi saura 'yan makonni. Na kwashi adashi, kuɗin ɗinkina, ba sisin kowa a ciki. Na ce zan kai yara su ga ubansu, in kuma kai su Wonderland, wurin wasan da aka buɗe a 2007 kusa da babban filin wasa na ƙasa. Ummi ce ta gan shi a talabijin ta hana ni sakat. Da na je ɗakin Hajiya na durƙusa na faɗa mata, ko kallona ba ta yi ba. Goronta take gogawa a magogi ta ce, "Ke yanzu kuɗin naki iska za ki ba? A ɗaga yaro sama a sauke shi, me ya ƙaru da shi?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Me zan ce?

Amma ranar tafiya da asuba sai ga 'ya'yan Anti Ƙarama, 'yar'uwar Abban Ummi, su biyu a bakin ƙofata, an yi musu wanka, kayansu a leda. Wai Hajiya ta ce a tafi da su su ma su buɗe ido. Ko kuɗin mota ba a haɗo su da shi ba. Haka na shiga tashar Unguwa Uku da yara biyar, ɗaya a baya.

Ku da kuka san ni kun san ba lilon ne ya dame ni ba. Muna yara, kowace Sallah Baffa sai ya kwashi su Yaya ya kai su Gidan Zoo, wanda Gwamna Audu Baƙo ya gina, su dawo suna ba mu labarin zaki da jimina, mu mata muna tsakar gida muna wankin kwanukan tuwon Sallah. Allah ya jiƙan Baffa, mutumin kirki ne, amma a wurinsa 'ya mace ba ta yawo. Sai da na yi aure na fara taka Gidan Zoo, alhali daga gidanmu ko a ƙafa ana zuwa. Tun ranar da aka ce min mace na haifa na ɗaukar wa kaina alkawari.

Hanya ba laifi. A lokacin mutum zai bi Kaduna zuwa Abuja yana barcinsa, ba wannan fargabar da ta zo daga baya har kowa ya koma rububin jirgin ƙasa ba. Mun tsaya Tafa muka yi salla muka ci abinci. Da muka hango Dutsen Zuma, ɗana Abba ya sa na ciro naira ɗari yana gwada hoton da dutsen, har wani dattijo a motar ya ce ya riƙe kuɗin ya ba shi.

Washegari Asabar ubansu ya kwashe mu daga Kubwa. Shi ma fa sai da ya ga kuɗin shiga, ya ga kowane lilo da nasa tikitin, ya fara tsaki. Na ce, "Abban Ummi, aljihunka na taɓa?" Ya yi shiru.

Yaran nan! Dawakai masu zagayawa aka fara hawa. Abba ya riƙe wuyan dokinsa yana jinjina yana cewa shi ne Sarkin Kano a hawan Nassarawa. Daga nan sai ƙananan motocin nan masu karo da juna, inda Ummi, wadda ko magana ba ta cika yi a gida ba, ta dinga bin ɗan Anti Ƙarama tana banka masa mota tana ƙyaƙyata dariya. Ban taɓa jin dariyarta haka ba. A gidan Hajiya yaro ba ya dariya da ƙarfi, sai a ce uwarsa ba ta yi masa tarbiyya ba. Ni ma na hau wani mai siffar jirgin ruwa da ke lilo da mutane gaba da baya. Na ɗaure mayafi a ƙugu, da ya yi sama sai salati nake, cikina kamar an kwashe kayan ciki an bar ni da fata. Da na sauko na ce a ƙara min. La'asar sakaliya hadari ya haɗo, aka tsayar da komai, muka fake muna cin gugguru, ruwa na dukan ƙafafunmu.

Da muka dawo Kano na kai wa Hajiya tsarabarta, turmin atamfa da tuffa. Ta karɓa ta ce, "To, an dawo daga ba iska kuɗi?" A gaban Anti Ƙarama ta faɗa, ita kuwa tana dariya, ko sannu da ɗawainiya ba ta ce min ba. Kuma maganar ta bi ni. Shekarar da keken ɗinkina ya lalace na nemi rance, cewa aka yi in je in karɓo wurin iska. Ranar da aka kori Abba saboda kuɗin makaranta, ita aka maimaita min, alhali ba ni ke da alhakin biya ba.

Bara, a wajen kamun Ummi, babbar 'yar Anti Ƙarama ta karɓi lasifika tana ba mutane labarin yadda kawunta ya kai su Abuja suna yara, har da hawaye. Kawunta! Ina zaune a gaba da ashobe, Anti Ƙarama na gefena tana gyaɗa kai. Na buɗe baki, Yaya Babba ta taka min ƙafa.

Hoton da muka ɗauka a bakin ƙofar wurin kuwa, da Hajiya ta rasu muka zo rabon kayanta, a ƙasan akwatinta aka same shi cikin tsummokaran zannuwanta. Na shekara biyu ina nemansa a ɗakina, har na daki Abba a kansa. Mako mai zuwa zan koma kan haihuwar Auta, in Allah ya kai mu.