Wacce za a ba ta?

Alhamdulillahi, yau dai na yi sabuwar waya. Ga ta nan a gefen katifa, ko ledar bayanta ban ɓare ba. Masu ƙorafin kullum suka kira ni sai su ji a kashe, ku sha kuruminku. Shekara huɗu muka yi da tsohuwar, batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, kuma tun azumi in na ɗauki hoton atamfa sai ya fito kamar an yi hazo a ɗakin.

Ranar Alhamis na kwashi adashe. Yau da safe wanki, shara, na aika wa matar Sharaɗa leshinta. Ƙarfe sha ɗaya ni da Yaya muka tari adaidaita zuwa kasuwar waya ta Farm Centre, muna tafe muna ta raha, yana tsokanata wai daga yau sai an cike takarda kafin a gaisa da ni.

Mako uku na yi ina bincike, a bayan littafin bashi na rubuta komai. Waya uku na tsayar: Tecno Spark 20 Pro, Infinix Hot 40 Pro, da Samsung A15. A wajen binciken ne ma na gano Tecno da Infinix da Itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke Shenzhen a China, mu kuwa a gidanmu an shekara ana musu a kan wacce ta fi. Injin da ke cikin ukun nan iri ɗaya ne, Helio G99, batirin ma duk 5000 ne. Inda suka rabu shi ne, biyun farko kyamararsu 108 ce, cajinsu wat 33, kuma da caja a cikin kwali. Samsung ɗin kyamara 50, caji wat 25, kwalinta igiya kawai, kan cajar sai ka saya daban. Amma gilashinta AMOLED ne, baƙi ya fito baƙi wuluk, kuma kamfanin ya yi alƙawarin sabunta mata Android sau huɗu, da gyaran tsaro na shekara biyar. Ga mai riƙe waya har sai ta kumbura irina, wannan alƙawari abin dubawa ne.

Duk da haka, jiya da dare a ƙarƙashin Tecno na ja layi. Giga 256 take da shi, ni kuwa bidiyon kaya ne ke cinye mini waje, duk zuwa Kantin Kwari sai na dawo da ashirin ko talatin. Ga wutar unguwarmu da kuka sani, in an kawo ta awa ɗaya, wadda ta fi saurin cika ita ce tawa. In ta samu matsala kuma akwai Carlcare, wajen gyaran wayoyin kamfanin, a gari.

Mai shagon saurayi ne, fes da shi, da fara'arsa. Ni na yi sallama, ni na faɗi sunan wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko su ya jera a gaban Yaya.

Na tambaye shi ko ram ɗin da aka rubuta 16 a jikin kwalin Tecno na gaske ne, don na san 8 ne asali, sauran 8 ɗin aro ake yi daga ma'ajiyar wayar. Ya amsa, amma idonsa na kan Yaya. Ya ce, "Alhaji, ka san mata, kala da kyamara ne nasu. Ga wannan mai ruwan zinare, 108 ce, an gama magana." Na ce masa ai 108 ɗin ma in ba ka kunna ta da kanka ba, wayar haɗe ɗigo tara take yi ya zama ɗaya, hoton ya fito 12, sannan WhatsApp ya sake matse shi kafin ya kai ga mai saye. Sai ya yi dariya ya ce, "Ah, Hajiya an sha karatu." Yaya ma ya yi dariya.

Na ciro ƙyallen atamfar nan mai kore shar da ratsin ruwan goro, wadda aka taɓa dawo mini da ita wai ba kalar da aka gani a hoto ba ce. Na ce ya ba ni na gwaji. Na fita bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauka da kowacce, na tura hotunan wayar Yaya don in gan su a gilashi ɗaya, tunda masu sayen kayana ba a tawa wayar za su kalla ba. Tsakani da Allah bambancin kaɗan ne. Ɗaya ta ɗan ƙara wa koren haske, ɗaya ta fi riƙe ruwan goron, ba wadda za a ce ta yi wa atamfar ƙarya. Kenan layin da na ja jiya yana nan daram.

Ina tsaye da ƙyallen a hannuna ya dubi Yaya ya ce, "To Alhaji, wacce za a ba ta?" Hannunsa na kan kwalin Tecno, har ya fara turo shi.

Na ji bakina ya ce Samsung.

Mai giga 128 kuɗina ya kai, sannan na ƙara na sayi kan caja da gilashin kariya da riga. Na danna *#06# na gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali, sun yi daidai. Daga asusuna na tura kuɗin, sunana ya fito ɓaro-ɓaro a wayarsa, amma da ya ɗauko rasit Yaya ya tambaya sunan wa za a rubuta.

A hanyar dawowa na yi shiru har muka wuce titin Gidan Zoo. Can na ce, "Yaya, ko sau ɗaya ba ka ce masa kuɗina ne ba." Ya ce, "Ke dai ba kin samu abin da kike so ba? Rabu da shi, haka suke." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, na sani. Shi ne ya bar aikinsa ya shiga ranar nan saboda ni, shi ya biya kuɗin adaidaita zuwa da dawowa. Amma dariyarsa ta fi ta mai shagon tsaya mini a rai. Ya ga littafin nan, ya san dare nawa na yi ina cika shi, kuma ya san wata goma na yi ina zubi kafin kuɗin su haɗu.

Abin da ya hana ni sakewa tun la'asar shi ne, wayar nan mai kyau ce, ba ni da abin cewa a kanta. Ɗazu na buɗe hoton shadda baƙa a gilashinta, har zanen jikin ya fito raɗau. In na ce don alƙawarin shekara biyar na ɗauke ta, ba wanda zai ƙaryata ni. Ni dai na san a lokacin da na buɗe baki ba shekara biyar nake tunawa ba, hannunsa nake kallo a kan kwalin can. Mako uku ina auna abu da hankalina, mutumin da ko sunansa ban sani ba ya sa na sauya cikin minti ɗaya, kuma shi bai ma san ya yi ba. Ko wacce na ɗauka ya yi ciniki.

Umma ta juya ta a hannu ta ce Allah ya sa rai aka yi wa. Da na ba ta labari ta ce, "Da kin ce masa ni ce mai saye, ka yi magana da ni. Ai ba rashin kunya ba ne." Tun da ta faɗa nake maimaita maganar a raina.

Tuwon dare miyar kuɓewa, ban ci da yawa ba. Auta ta kafa ta tsare a kan tsohuwar, na ce sai an canza batir, kada ta fashe mata a hannu. An ɗauke wuta tara da rabi, wayar na kan 71.

Na fara kwaso hotuna da bidiyon kaya daga tsohuwar, har ta ci giga 60 ban kai rabi ba. Gobe in aika a sayo mini memori.