Darussan Aikin Silin: Matsalar Tana Farawa Daga Sama

Yawancin silin da ya lalace, ba allon ba ne ya gaza. Ko dai kwano na yoyo, ko katakon da ke riƙe da shi gara ta cinye, ko an yi aikin ba bisa tsari ba. Don haka kafin a sa ƙusa ko ɗaya, a hau a duba rufin, musamman inda kwanuka suka haɗu da kuma bakin indararo. Mai wayarin ya gama jan wayoyi, a gwada wutar. Bututun na'urar sanyaya ɗaki kuma a naɗe shi da soso, domin raɓar da yake yi tana ɗiga har ta bar tabo, mai gida ya yi ta zargin kafinta a banza.

Daga nan sai layi. A ɗauki tiyo mai ruwa a fitar da tsayi ɗaya a kusurwoyi huɗu, a ja zare. Kada a auna daga daɓe, sau da yawa shi ma a karkace yake.

Katakon tu-bai-tu (inci biyu da biyu) da ke riƙe silin dole ya zama busasshe. Ɗanye yana murɗewa idan zafin kwano ya gasa shi, ya ja allo ya tsage. A shafe shi da maganin gara kafin a ɗaura, har da bakin da aka yanka, wanda nan ne aka fi mantawa. Tazara tsakanin katako da katako kada ta wuce santimita 60. Ga PVC, wato silin roba, gara a matso zuwa 40, don zafi na sa ya yi ciki. A bar masa ɗan sarari a jikin bango saboda yana miƙewa. PVC na da sauƙin gogewa kuma ruwa bai dame shi ba, shi ya sa ya dace da banɗaki, amma idan gobara ta kama hayaƙinsa guba ne. A kicin ba na ba da shawararsa.

POP, wato farin garin filasta da ake kwaɓawa da ruwa, shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ruwa ake fara zubawa a roba, sannan a barbaɗa garin a kai har ya daina nutsewa, a ɗan saurara kafin a juya. Wanda ya kwara ruwa a kan gari zai sha fama da gudaji. Cikin kamar minti 10 zuwa 20 ya fara kamawa, saboda haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Wanda ya soma ƙarfi a zubar da shi. Ƙara masa ruwa ba ya dawo da shi, sai dai ya ba ka silin mai marmashewa. A wanke robar tsakanin kwaɓi da kwaɓi, domin ragowar tsohon kwaɓi na sa sabo saurin daskarewa. Zaren filas, mai kama da rama, da ake rataye POP da shi a jiƙa shi sosai a cikin kwaɓin, a naɗe shi a jikin katako. Baƙar waya da ƙusa marar rufin kariya suna tsatsa, bayan watanni ja-ja ya huda fenti ya fito. Fentin kansa sai POP ya bushe tas. Da damina hakan na ɗaukar lokaci, kuma gaggawar tarewa ce ke jawo ɓawon fenti.

Allon jifsam, wato allon filasta mai rufin takarda, girmansa mita 1.2 da 2.4. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin allo 5, har da asarar yanka. A jera su kamar bulo, kada gaɓoɓi huɗu su haɗu wuri guda, a sa sukuru duk santimita 20 zuwa 30 ba tare da kansa ya huda takardar ba, a liƙa tef a gaɓa kafin a cike.

Fanka ba a rataye ta a silin, ko wane iri ne. Ƙugiyarta a jikin babban katakon rufi ko ƙarfe take zama. A bar ƙofar shiga sama mai santimita 60 da 60, a toshe kafofin gefen rufi da raga don jemagu da ɓeraye, iska kuma ta samu hanya.

Tsohon allon asbestos idan za a cire, a jiƙa shi, a sa takunkumi mai tace ƙura, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum. Ba a fasa shi, ba a sa masa zarto, domin ƙurarsa na maƙalewa a huhu, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana.