Asabar a kan Dala, cikin hazo

Asabar, mako na uku na watan Disamba.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Dala, mu huɗu daga cikin masu tura hoto ɗaya kullum a zaurenmu na WhatsApp na masu sha'awar ɗaukar hoto. Biyu da kyamara, biyu da waya. Ƙarfe 6 daidai muna saman dutse, gari bai waye ba, iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas.

Sammakon yana da dalili. A wannan makon rana tana fitowa a Kano wajen 6:40, hasken da za a iya aiki da shi kuwa yana somawa ne minti 22 ko 23 kafin nan. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana kusan a miƙe take hawa, ba a karkace ba kamar yadda take yi a Ingila da sauran ƙasashen da ke can arewa, inda jan hasken safiya yake daɗewa. Mu namu gajere ne. Daga lokacin da gefen rana ya leƙo zuwa ta fito gaba ɗaya bai fi minti biyu da rabi ba. Wanda ya iso 6:35 yana neman inda zai kafa ƙafa-uku, wato abin ɗora kyamara, aikin ya riga ya wuce shi.

Abu na farko da muka daidaita shi ne inda za ta ɓullo, don nan ne sababbi suka fi yin kuskure. Kowa ya san rana daga gabas take fitowa, amma gabas sak sau biyu kaɗai take yi a shekara, wajen 20 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. A Disamba tana karkata kudu, tana fitowa a kusan digiri 114 a kamfas. A watan Yuni kuma ta koma kusan 66. Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan ga mutumin Kano ita ce alƙibla, wadda take wajen digiri 68. A Yuni rana kusan a saitin alƙibla take fitowa. Yanzu kuwa sai ka fuskanci alƙibla, ka juya dama kimanin digiri 45, wato rabin juyin da za ka yi in za ka fuskanci inda kafaɗarka ta dama take. Kamfas ɗin waya yana yin aikin, sai dai a nisanta shi da ƙarfen ƙafa-uku, don ƙarfe yana ruɗa shi.

Na kafa ƙafa-uku ban zare sandar tsakiya ba, domin ita ce take fara rawa in iska ta taso, na rataya jaka a ƙugiyar ƙasa don nauyi. Na kashe na'urar hana rawa da ke jikin lans, wato gilashin gaban kyamara. A kan ƙafa-uku wasu lans ɗin sukan yi ta neman girgizar da babu, su jawo dishi-dishi da kansu. Sannan na sa ƙidayar sakan 2, yadda yatsa zai bar kyamara kafin shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ta buɗe. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 100, ƙofar haske f/8 (lambar na ƙaruwa, ƙofar na ƙanƙancewa), ajiya a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ta gyara ba. Launi kuma na cire shi daga otomatik na tsayar da shi a kan hasken rana, kelbin 5500. In aka bar wa kyamara zaɓi, tana ganin jan safiya a matsayin aibi, sai ta zuba masa shuɗi ta mayar da shi toka-toka, alhali wannan jan shi ya fito da mu.

Fokas a duhu shi ma da hannu ake yi. A lans mai faɗi, milimita 18 a kan ƙaramar kyamara mai sansa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) girman APS-C, in kana f/8 ka sa fokas a kan abin da ke mita 2 daga gare ka, to daga mita 1 har ƙarshen gani komai zai fito ras. Na haska fitilar waya a kan wani dutse mai tazarar taku uku, na kama shi, na mayar da lans kan fokas na hannu, ban sake taɓa shi ba. In ba haka ba, kyamara za ta yi ta gaba da baya a cikin hazo tana neman gefen da za ta kama, ba ta samu.

Ga yadda shata ta riƙa sauyawa yau, ƙofa da ISO suna nan yadda suke: 6:20 sakan 2, 6:30 1/5 na sakan, 6:40 1/50 na sakan. Wato kusan kowane minti 3 haske yana ninka kansa. Wanda ya daidaita kyamara sau ɗaya ya tsaya hira, bayan minti 10 hotonsa ya fi yadda ya kamata haske sau goma. Shi ya sa ido ba ya barin jadawalin haske, wanda ake kira histogiram. Fuskar kyamara ba abin dogaro ba ce a duhu, takan nuna hoto ya yi kyau alhali ya yi baƙi, don ido ya saba da duhun. Jadawalin kuwa in ya jingina da bangon dama ya hau, sama ta ƙone, kuma abin da ya ƙone ba manhajar da za ta dawo da shi. Inuwa ana iya ɗaga ta mataki biyu (kowane mataki ninki ɗaya ne na haske) a RAW ba tare da ta yi yashi-yashi sosai ba. Don haka sama ake auna wa haske, ƙasa a bi ta daga baya.

Tsakanin 6:22 da 6:32 shi ne mafi daɗin lokacin yau. Fitilun unguwanni ba a kashe su ba tukuna, sama ta yi shuɗi mai duhu daga bisa, ta sauko ta koma ruwan goro a ƙasa, hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi siri-siri daga lunguna ya kwanta a kan rufin kwano. A wannan ɗan tsakanin hasken sama da na gari sun kusa yin daidai, hoto ɗaya ya ɗauke su duka ba sai an haɗa ba.

Ƙarfe 6:40 ta yi, ba rana. Hazon yau mai kauri ne, irin ƙurar da iska take kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Sai 6:55 ta bayyana, ta riga ta hau digiri 3 da 'yan kai, kamar kaurin yatsu biyu in ka miƙa hannu, farar fayafai marar ƙyalli, gefenta a yanke tsaf kamar faifan da aka rataya. Ɗaya daga cikin masu waya ya fara haɗa kaya tun 6:48, yana cewa yau ba sa'a. Babbanmu ya ce masa, "Ƙanina, dakata tukuna, a hunturu agogon rana daban, na hazo daban." Ya tsaya, kuma hoton da ya tura da yamma daga wannan lokacin ya fito.

A irin wannan safiya lans mai faɗi ba ya ba da komai da zarar rana ta fito. Girman rana a kan sansa kusan tsawon lans ne a raba da 109. A milimita 18 ɗigo ce da ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. A milimita 200 kuwa ta kusa milimita 2, wajen kashi ɗaya cikin takwas na tsayin hoton. Dogon lans kuma shi yake fito da kyautar da hazo yake bayarwa, wato hawa-hawa: soraye na kusa da zankwayensu baƙi ƙirin, na bayansu toka mai duhu, sai hasumiyoyi da bishiyoyin dabino a toka mai haske, can ƙarshe turakun sadarwa da ƙyar ake ganinsu. A damina, da iska take wankakkiya, ba a samun wannan. Mutane da yawa suna ajiye kyamara in hunturu ya shigo, ni kuwa a ganina babu lokacin da birnin nan yake da zurfi a hoto kamar yanzu.

Da na koma milimita 200 na auna haske a kan sama, gefen rana kaɗan, ita ranar tana wajen hoton, na kulle a 1/500, sannan na dawo da ita ciki. In aka auna da ita a tsakiya, komai sai ya yi baƙi. In aka auna a kan gidaje, ita ta narke ta zama farin tabo. Ta fuskar kyamara ake duba wannan, ba ta ramin leƙawa ba. Dogon lans tara haske yake yi, kuma hazo yana iya yayewa ba zato, ido ba shi da madadi. Wanda ya riƙe kyamara a hannu a wannan tsawon kada ya sauka ƙasa da 1/320.

Akwai wani abu da muke tunasar da juna duk hawan Dala. Daga sama ana hango tsakar gidajen mutane, da safe kuma iyali suna harkokinsu. Dogon lans sama da rufi ake nufa da shi. Hoton da tsakar gidan wani ta fito a ciki ba ya shiga zaure, gogewa ake yi.

Masu waya nasu aikin ya fi sauƙi, amma da nasa tarko. Na farko man shafawa ne. A hunturu kowa hannunsa da basilin, ya taɓa gilashin waya bai sani ba, sai hasken rana ya fito da dogon jela a hoto, ko komai ya yi kamar an lulluɓe shi da tsumma. A fara hure ƙurar, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. In aka goge da ƙurar a kai, karce gilashin take yi. Bayan haka a danna yatsa a kan sama a riƙe har waya ta kulle fokas da haske, a ja alamar hasken ƙasa har launi ya dawo. Zuƙowa da yatsu biyu ya wuce lambar da aka rubuta wa lans ɗin wayar yankan hoto ne kawai, gara a ɗauka yadda yake a yanke daga baya. Mu masu kyamara kuma ba a sauya lans a fili a wannan iska. Na juya baya, na sunkuyar da bakin kyamara ƙasa a cikin jaka, a kashe, sannan na sauya.

Mun sauko 7:20, hasken ya riga ya yi fari fat.

Bayan la'asar hotuna suka fara shigowa. Ƙa'idarmu hoto ɗaya, a turo shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ta yau da kullum ba, domin WhatsApp yana matse shi ya kuma share bayanan kyamara da ke ciki. Sama mai sauya launi a hankali ita take fara nuna wannan matsi, sai ka ga ta rabu zobe-zobe. JPEG, wato fayil ɗin hoto na yau da kullum, matakai 256 yake da su a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384, to in aka matse mai 256 ɗin aka ƙara matsawa, dole layuka su fito. Kowa kuma ya rubuta lokaci, ISO, ƙofa da shata a ƙasan hotonsa, don in babu su gyara sai ya koma yabo kawai.

Mun fi daɗewa a kan hoton wani ɗan'uwa da ya ɗauka daga bayan gari. Ya ga hazo ya yi yawa, ya ja ma'aunin cire hazo na Lightroom, manhajar gyaran hoto, kusan ƙarshe. Sama ta koma shuɗi mai datti, gefen bishiyoyi ya yi farin zobe, ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe guda shida a sama. Ɗigon ƙurar sansa ne, kuma abu biyu suka tono su: ya ɗauka a f/22, inda kowace ƙura take fitowa da gefenta, sannan ma'aunin ya ƙara musu ƙarfi. f/22 ɗin ma bai ƙara masa kaifi ba, domin daga f/16 zuwa sama haske yana bazuwa a bakin ƙaramar ƙofa, hoto ya yi laushi. Shawarar da aka tsaya a kai: ya koma f/8 ko f/11, ma'aunin cire hazo kada ya wuce 10 zuwa 15, a kan ƙasa kaɗai, a bar sama da hazonta. Don ya tabbatar da ƙurar, ya ɗauki farar takarda a f/22 ba fokas, ya hure sansa da robar hura iska, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ya sake ɗauka ya gwada. Ba a hurawa da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita.

Wata 'yar'uwa ta turo daga madatsar ruwa ta Tiga, kwalekwale ɗaya da masunci a tsaye, rana a bayansa. Hasken ya yi daidai, sai dai ruwan ya karkata hagu kamar digiri 2, abin da ido ba ya yafewa a hoton ruwa. Layukan raga na fuskar kyamara suna maganin wannan tun a wurin ɗauka. Gyara daga baya yana cin gefen hoto, kuma a nata zai yanke bakin kwalekwalen. Ta tambaya ko gilashin rage ƙyalli zai taimaka. Aka ce mata, "Yaya, ba a fuskantar rana ba." Yana aiki ne in rana tana gefen kafaɗa, in tana gaba, haske kawai zai ci mata, mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, ya ƙara ɗigon kore a hoto.

Na ƙarshe na mai haɗa hotuna uku ne, ɗaya a rage haske mataki 2, ɗaya daidai, ɗaya a ƙara 2. Garken tattabaru ya gifta yana ɗauka, suka fito sau uku kamar inuwa. Ya kuma bar kyamara tana sauya ƙofa maimakon shata, shi ya sa dutsen gaba ya fito da kaifi a ɗaya, ya yi laushi a ɗaya, haɗin bai zauna ba. Ƙofa tsayawa take, shata ce mai motsi. A hazo irin na yau ma haɗin bai zama dole ba, tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa ba ta fi ƙarfin RAW ɗaya ba.

Nawa na 6:57 na tura: milimita 200, f/8, 1/500, ISO 100, rana a sama ta dama, hasumiya ɗaya a hagu, hawa huɗu na rufi a tsakani. An lura cewa wata wayar lantarki ta ratsa kusurwar ƙasa, kuma gaskiya ne; da na matsa taku biyu dama da ta fita. Gobe in Allah ya kai mu Gwauron Dutse za mu hau, daga can Dala da kanta za ta shiga hoton ta ɓangaren gabas. Batura suna caji, memori na kwashe na goge, haɗuwa ƙarfe 5:50.