Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranin da Lassa ta Shigo Ɗakin Haihuwa

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin haihuwa bayan na gama hutun jego. Yau labarin ranin 2020 ne.

A watan Janairun shekarar labari ya zo daga Kano cewa zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu, bayan sun yi wa wata mai juna biyu tiyata. Muka jajanta, muka yi musu addu'a, kowa ya koma bakin aikinsa. Ba a jima ba sai ga namu.

Yarinya ce ƙarama, cikin fari, wata takwas. An kawo ta daga ƙauye da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da amai. Ta sha maganin maleriya a kemis, an yi mata allurai a gida, ba sauƙi. Mu ma daga nan muka fara, maleriya da taifot, domin da rigar zazzaɓin yau da kullum Lassa take shigowa. Sai da ɗan ya mutu a ciki, jini ya ɓalle, wurin da aka sa mata ƙarin ruwa ya ƙi daina tsattsafa, sannan likita ya ja Matron, shugabar ma'aikatan jinyarmu, gefe. Da na ga fuskar Matron, jikina ya yi sanyi.

A lokacin hannu nawa ne ya taɓa ta? Ni na karɓi haihuwar, da gajeriyar safar hannu wadda danginta suka sayo, domin doguwar da take kaiwa gwiwar hannu ta ƙare a sito. Babu tabarau na kariya, takunkumin fuska kuwa guda ɗaya muke wuni da shi. Wannan shi ne abin da nake so masu karatu su gane. Rigar nan mai rufe jiki ruf da kuke gani a talabijin tana zuwa ne bayan an san sunan cutar. Ma'aikaci kuwa yana kamuwa ne a kwanakin da ba a san sunanta ba.

Tun asalinta haka cutar take da mu. A 1969 aka fara gane ta, a jikin wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Shekara ta zagayo, Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa, ta rasu a 1970. Daga fitsari da kashin ɓera take shiga abinci, amma da zarar ta shigo asibiti, jini da sauran ruwan jiki ne hanyarta.

Aka ɗebi jinin yarinyar aka tura Abuja. Kafin sakamako ya dawo, rai ya yi halinsa.

Ban taɓa ganin tashin hankali irin na wannan yammacin ba. Mahaifiyarta ta riƙe ƙofa tana cewa ita za ta wanke 'yarta. Matron ta durƙusa a gabanta ta ce, “Inna, ki yi haƙuri don Allah. Ba hana ki muka yi ba, ranki muke ji.” Abin bai lafa ba sai da aka kira limamin masallacin asibiti. Ya zauna da mijin da kawunnanta, ya nuna musu cewa shari'a ba ta ɗora wa mai rai abin da zai halaka shi ba. Ma'aikata cikin kayan kariya suka suturta ta, aka yi mata salla daga ɗan nesa. Har gobe ina ganin da an kira malamin tun farko, da an rage wa uwar nan rabin kukanta.

Washegari jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya zo da takardarsa, yana rubuta duk wanda ya taɓa mamaciyar. Likita, ni, abokiyar aikina ta dare, ɗan ɗakin gwaji, direban da ya kawo ta. Za a bi mu kwana 21, iyakar lokacin da cutar take ɓuya a jiki, ana auna zafin jikinmu safe da yamma. Har ya rufe takardar, sai abokiyar aikina ta ce, “Iya fa?”

Iya ce mai goge ɗakin. Ita ta kwashe zannuwan gadon, ta jiƙa su a bokiti, ta matse da hannunta. Sunanta ba ya cikin jadawalin aiki saboda ba a ɗauke ta aikin dindindin ba, don haka babu wanda ya tuna da ita. Da aka kira ta, sai ta ce da ni, “'Yata, ai ni ban taɓa marar lafiyar ba.” Na ce, “Iya, kin taɓa jininta.” Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Duk horon da ake kai mu birni, ban taɓa ganin an gayyaci mai shara ba, alhali ita ce ta ƙarshe da take riƙe abin da kowa ya gudu ya bari.

A gida kuwa ga goyo a hannuna. Likita ya ce muddin zazzaɓi bai zo ba, in ci gaba da shayarwa, amma ranar da ma'auni ya nuna 38, in ajiye yaron in taho. Baban yara ne yake karanta ma'aunin, don hannuna rawa yake yi. Wasu maƙwabta suka daina aiko yaransu gidanmu. Ban riƙe su a zuci ba, tsoro ne.

Allah ya tsare ni. Iya ce ta kwanta. Da yake ana auna ta kullum, ranar da jikinta ya yi zafi aka ɗauke ta zuwa cibiyar killace masu cutar a babban birnin jiha, aka fara mata allurar ribavirin, wadda ta fi aiki idan an soma ta cikin kwanaki shida na farko. Ta tashi, amma kunnenta na hagu ya mutu, kamar yadda yake faruwa ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Mu ma'aikatan ɗakin muka yi karo-karo muka kai mata, domin ba ta cikin masu karɓar alawus ɗin haɗarin aiki.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyarmu ƙauyen marigayiyar, inda mutum biyu cikin waɗanda ake bibiya suka bar gari da dare.